Dattijon da Ke Taɓa Fayiloli

A ɗakin kwamfutoci na cibiyar binciken kimiyya, sabuwar injiniyar rumbun bayanai tana kallon wani dattijo da ba ta sani ba. Rigarsa ta yi masa yawa, gilashinsa na zamewa, shayinsa ya huce tuntuni. Yana buɗe fayil, ko karantawa ba ya yi sai ya rufe, ya buɗe na gaba.

Rumbun ya cika maƙil, shi ya sa aka kafa doka: duk fayil ɗin da aka daɗe ba a buɗe ba, na'ura za ta goge shi. Wataƙila gwaje-gwajen ƙuruciyarsa ne, in ji zuciyarta, ko na abokan aikin da ƙasa ta rufe wa ido.

"Baba, me kake nema?"

Bai ɗago ba. "Ba nema nake ba, 'yata. Taɓa su nake, kada na'urar ta ɗauka ba su da kowa."

Ta leƙa allon. Saura dubbai, kuma gobe za a fara gogewa. Ta kasa faɗa masa ita ce ta rubuta dokar.