Alhaji Sale Ba Ya Rage Shinkafa

Cikin duk ranakun da na yi a bakin kantar nan, wadda ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da 'yar Alhaji Sale ta zo nemana. Ku da kuka shigo aikin daga baya kun tarar da ƙananan farantai a jere kusa da manya, kun ɗauka tun fil azal haka kantar take. To ba haka take ba. Tunda kun nace sai ni Inna Asabe na yi magana kafin in ajiye aiki, ku gyara zama.

Ga wanda bai san wurin ba, gidan abincinmu irin na zamani ne, a bakin titin Kano zuwa Zariya, dab da Kura. Reshe ne na wani kamfani mai hedikwata a birni. Manaja ne a sama, ƙarƙashinsa akwai mai kula da kicin da mai kula da kanta, sai masu zubawa, masu kaiwa tebur da masu wanke-wanke. Ni ce mai kula da kanta, wato inda ake zuba abinci. Aikina shi ne in tabbatar kowane faranti ya fita da ma'aunin da kamfani ya yanka, ba ƙari ba ragi. Masu cin abincinmu yawanci direbobi ne da ke lodin tumatir daga Kadawa, sai dillalan shanshera, wato shinkafar da ba ta je inji ba.

Wata shekara, ana shiga kakar tumatir, sai umarni ya zo daga birni cewa an fito da sabon faranti mai suna Cika-Ciki. Soyayyiyar shinkafa ce tuli guda, da rabin kaza, da soyayyen dankali, da ƙatuwar robar lemo. Ya ninka abin da muke zubawa a da, ɗan ƙarin kuɗin da aka yi kuwa bai taka kara ya karya ba. Aka tattara ƙananan farantanmu aka kulle a sito. Aka koya mana mu riƙa tarar kowa da murmushi muna cewa, "A cika maka?" Wa zai ce kada a cika masa? Ciniki ya buɗe, har aka ƙara mana masu wanke-wanke. Ni ma na yi murna, don ina da 'ya'ya a makaranta.

Alhaji Sale manomin shinkafa ne daga wajen Bunkure, kuma dillalin shanshera. Kullum bayan azahar yana teburin kusa da taga tare da abokan sana'arsa. Mutum ne mai barkwanci, ba ya shigowa bai tsokane ni ba, wai hannuna ya fi na ma'aunan kasuwa rowa. Amma yana da hali guda da kowa ya san shi da shi: ba ya rage shinkafa. In ya gama, farantinsa kamar an wanke. In ƙwaya ta faɗi a tebur sai ya dangwale ta da yatsa ya kai baki. Na sha ganin ya tare direban da bai taɓa gani ba yana masa faɗa don ya bar rabin abinci ya tashi.

Da Cika-Ciki ya zo, Alhaji bai sake hali ba. Yakan ci rabi ya tsaya, ya share gumi, ya yi ajiyar zuciya, sannan ya koma kamar mai ƙarasa kunyar da ya ɗauko a gona. Na lura yana yawan neman ruwa, kuma ya fara ɗingishi. Na ɗauka gajiyar noman rani ce.

Ranar da nake ba ku labari, la'asar ta kusa, mutane sun ragu, sai wata matashiyar mace ta sauka daga adaidaita ta shigo. Ba ta dubi abinci ba, ta tambayi wadda ke zuba wa Alhaji Sale. Na fito muka koma gefe.

Ta ce, "Inna, sunana Saratu, ni ce 'yarsa ta fari. Baba yana da ciwon suga. Wani ƙarfe ya yanke shi a ƙafa a gona tun farkon rani, har yau ciwon ya ƙi warkewa. Likita ya ce in bai kiyaye abinci ba, zai iya rasa ƙafar."

Na ce, "Subhanallahi. To a gida fa?"

"A gida auna masa muke yi. Ya ci bai ce komai ba, ya sa hula ya taho wurinku. Don Allah ki rage masa, Inna. Kuma kada ki ce na zo."

Ba ta yi kuka ba, amma tana magana tana murza bakin mayafinta har ya yamutse. Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Na ce mata zan yi iya ƙoƙarina.

A ƙa'idarmu mai kula da kanta ba ta taɓa ma'auni sai da izinin manaja, don haka na wuce ofis. Manajanmu a lokacin Kabiru ne, yaro mai ladabi da aka turo daga birni, wanda in yana magana sai ka rantse a bakinsa aka rubuta dokokin kamfani. Ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Inna, na ji tausayinsa. Amma mu gidan abinci ne, ba asibiti ba. Babu wanda ya ɗaure Alhaji ya ɗura masa. Babba ne, ya san ciwonsa, da ƙafarsa yake zuwa. In kika rage masa a ɓoye alhali ya biya na cikakke, mun cuce shi ke nan."

Na ce, "Gaskiya ne, Manaja. Amma in ya so ƙarami yau, muna da shi?"

Ya ce, "Yana iya ragewa."

"Alhaji Sale? Ya rage shinkafa?"

Dariya ta kusa kuɓuce masa, don shi ma ya san halin mutumin. Ya ce fito da ƙananan farantai ya fi ƙarfinsa, amma zai tayar da maganar a taron manajoji. Abin da zai iya yarje mini shi ne in tambayi Alhaji ko a juye masa rabi a roba ya tafi da shi gida. Na fito ina jin haushinsa, ina kuma jin haushin cewa rabin maganarsa gaskiya ce.

Washegari Alhaji ya zo da mutanensa. Na kai farantin da kaina, na rage murya na ce, "Alhaji, ko in juye rabi a roba a kai wa yara?"

Ashe na taɓo inda ba a taɓawa. Ya ɗago ya dube ni, ya ɗaga murya yadda duk teburin zai ji. "Asabe, an ce miki na talauce ne, ko an ce miki na tsufa? Ki cika, ki kuma yi mini gyara!"

Abokansa suka fashe da dariya. Na cika. Ya cinye tas, ya shanye lemon, ya miƙe yana dafa tebur.

Da mutanensa suka fita, sai ya dawo wai ya manta hularsa, alhali tana kansa. Ya tsaya a bakin kanta yana kallon titi.

"Saratu ta zo ko?"

Na ci gaba da goge kanta.

Ya ce, "Na san ta zo. Halin uwarta gare ta." Sannan ya ci gaba. "Asabe, kin ɗauka yunwa ce? Wallahi tun a rabi nake ƙoshi. Amma ni na san abin da shinkafa take ci kafin a ci ta. Na shiga ruwa na yi dashe har ƙafata ta yi fari. Na yini ina korar tsuntsayen jan-baki har muryata ta dushe. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, in an gama bugun shinkafa sai ya sa mu durƙusa mu tsince abin da ya zube a ƙasa. Yanzu in zauna in ga an kwashe ta an zuba a bola? Hannuna ba zai iya ba."

Na ce, "To ka bari a rage tun daga kanta."

"A gaban waɗannan? Ba ki san kasuwa ba. Yau aka ji Sale ba shi da lafiya, gobe manoman da ke kawo mini shanshera sun koma wurin wani, su ce wa ya sani ko zai kai kaka. Waɗanda kika ga muna dariya tare, su za su fara kai labarin." Ya gyara hular da ya zo nema. "In kika zuba zan cinye. In kika rage a gabansu zan yi faɗa. Sai ki san yadda za ki yi da ni."

Na kwana ina juya maganar nan. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne yadda ake kai abinci gona lokacin yankan shinkafa. Ba wanda ake ba farantinsa. Tire guda ake ajiyewa a kan kunya, kowa ya sa hannu, kuma ba a taɓa sanin wa ya ci da yawa wa ya ci kaɗan. Na koma wurin Manaja na ce ya bar ni in riƙa haɗa wa teburin dillalai abincinsu a babban tire. Abin da suka saya shi za a zuba, ma'auni bai taɓu ba. Ya duba ya ga babu dokar da ta hana, ya ce in gwada.

Na kai tiren na ce, "Manyan manoma kamarku kuna ci ɗai-ɗai kamar baƙi a tasha? Ga shi irin na gona." Suka yi shewa, suka naɗe hannun riga. Alhaji ya ɗan ci daga gabansa, ya ja su da hira, yana tura nama gaban wannan yana tura dankali gaban wancan, ya ce a ba shi ruwa don lemo na sa shi kasala. Tire ya tashi fes, ba ƙwaya ɗaya da ta tafi bola. Da zai fita bai dube ni ba, ya dai ce, "Yau hannunki ya yi albarka."

Haka muka yi ta yi har tumatir ya fara ƙarewa. Na so a ce nan labarin ya tsaya, amma ciwon ya riga ya yi nisa. Ran nan Alhaji bai zo ba, washegari ma haka. Mutanensa suka ce ya yi tafiya. Maganar taron manajoji kuwa, Kabiru ya kai ta kamar yadda ya yi alkawari, aka ce masa Cika-Ciki ne ke riƙe da reshen, ya bar zancen.

Sai da damina ta sauka Alhaji ya dawo. Saratu ce ta kawo shi a adaidaita, ta tsaya a waje. Ya rame, yana dogara sanda, ƙafarsa ta dama a naɗe. An cire masa yatsu biyu. A teburin taga kowa na kallon ƙafar yana yi kamar ba ita yake kallo ba. Ya zauna ya gaisa da su ɗaya bayan ɗaya. Na matso zan ce a kawo tire, sai ya ɗaga mini hannu.

Da muryar nan tasa da ya taɓa ce mini in yi masa gyara ya ce, "Asabe, ƙaramin faranti. Ciwon suga gare ni. Wanda zai kai labari kasuwa ya kai, ya gaishe su."

Ba wanda ya yi dariya. Ni kuwa na tsaya da cokali a hannu, don ba ni da abin da ya nema. Na juya na dubi Manaja, wanda ke tsaye a ƙofar ofis ya ji komai. Ya shiga ya ɗauko makulli, ya buɗe sito da kansa, ya fito rungume da ƙananan farantai duk ƙura. Ya wanke ɗaya da hannunsa ya miƙo mini. Daga baya an kira shi birni a kan haka, ya je ya dawo, farantan dai ba su koma sito ba.

Na zuba wa Alhaji daidai yadda Saratu ta kwatanta mini, shinkafa kaɗan, ganye da yawa. Ya ci a natse, ya dangwale ƙwayar da ta faɗi a tebur, ya ɗaga farantin ya nuna mini, fes.

"Kin gani? Ni ban sake hali ba."

Na koma bayan kanta na yi kamar ina gyara tukunya, don idona ya cika.

Har yau ana sayar da Cika-Ciki, kuma akwai direban da ya kwana a hanya wanda shi ne daidai cikinsa. Ban ce ku hana kowa ba. Manaja ya yi gaskiya da ya ce ba mu ɗura wa kowa, kowa shi ke kai loma bakinsa. Amma mutanenmu an tashe su a kan cinye abin da aka sa musu a gaba, kuma da yawansu sun gwammace ciwo da a ga gazawarsu. Wanda ke riƙe da cokali a wurin irin waɗannan mutane ba zai ce ba ruwansa ba. Don haka in mutum ya tsaya a gabanku, ku nuna masa farantan duka biyu, ku kuma miƙa ƙaramin da fara'ar da kuke miƙa babban.

Alhaji Sale yana nan da ransa, manomansa ba su guje shi ba, jiya ma ya ce hannuna ya ƙara rowa. Amma duk sanda na ji ƙarar sandarsa a bakin ƙofa sai in tuna cewa sai da ya rasa yatsu biyu ya iya neman ƙaramin faranti, mu ma sai da ya rasa su muka buɗe sito.