Gershon da Jitar da Ta Wuce Kwanar Suruka

Ana ta yaɗawa a Fadan Kagoma wai ɗan kawuna Gershon ya ajiye injin niƙa a ɗakinsa, yana kunna shi ya yi ta kaɗa masa kai kamar ƙadangare. Ƙarya ce! Waƙa ce, ana ce mata hebi metal. Injin niƙa ai ya fi ta natsuwa.

Gershon ɗan acaɓa ne tsakanin Kafanchan da Kagoma, da sifika ɗaure a kan babur. Waƙoƙinsa tsawo gare su: a ɗora wake, ya nuna, a ci, a wanke tukunya, mai waƙar bai gama gyaran murya ba. Shi ba ruwansa da ihun. Jira yake kowa ya yi shiru a bar mai jita shi kaɗai.

"Ji nan, ji nan!" zai ce. "Ya fara a hankali kamar mai lallashi. Yanzu zai hau. Ga jita ta biyu ta shigo tana amsa masa!"

Idan wurin nan ya zo, ko fasto ne ya ɗaga hannu Gershon ba ya tsayawa.

To ranar kasuwa ya ɗauko Mama Lai'atu, shugabar zumuntar mata, uwar Dinah da yake neman aure, matar da ta riga ta ce ba ta ba mai injin niƙa 'yarta. Daidai kwanar gidanta jitar ta tashi. Gershon ya wuce! Tana dukan bayansa, shi ya ɗauka kiɗan take bi. Ni dai na ce sai da suka hango garin Kauru can nesa.

Da waƙar ta ƙare ya waiwaya, ya ga auren nan ya tafi.

"Mama, ki gafarce ni."

Ta gyara ɗankwali ta ce, "Yaron nan mai jita, wa ya mutu masa yake kuka haka?"

"Ba kowa, Mama."

"Ƙarya. Juya mu koma. Sa mini daga farko, amma a kwanata za ka tsaya."

An sa ranar aure. Na ce masa, "Ango, a ɗaure ka a ƙofar coci, kada jita ta wuce da kai."

Ya ce, "Ni dai ina jin abu har ƙarshe. Kai ko sakandare ba ka jira ta ƙare ba."