Tafintan Kaka

Mu a unguwar Park Hill, nan ƙasar Turawa, ba mu da murhu, hitar ɗumama ɗaki gare mu, mai ƙara kamar ana dukan tukunya. Gefenta Kaka ke shimfiɗa darduma bayan magariba, ta miƙe ƙafa, mu zagaye ta.

Kaka ba ta jin Turanci ko na sayen burodi, amma tana son kallon jawabin manya a talabijin. Ni ne tafintanta, kuma maƙaryaci ne ni na gaske. Shugaban ƙasa zai ɗaga hannu, jama'a na tafi, in ce, "Wai ya hana tsofaffi aiken jikoki kanti." Ta kai mini duka da mafici. "Maigidan banza, ko cefane ba ka iyawa."

Ranar da shugaban ya yi jawabi kan baƙi marasa takardar zama, ba ta taɓa mafici ba. Kawu Sale, autanta, shekara da shekaru yana tuƙin tasi ba takarda.

"Me ya ce? Za su bar mini Sale?"

Turancin ya fi ƙarfina, rabi na tsinta. Sai na ce, "Ya ce kowa ya zauna, har da kyautar shinkafa."

Ta kashe talabijin. "Ga ta nan, ku matso."

Wai an yi wani mai gari mai ƙaramar murya, sanƙira ke ɗaga maganarsa. Rannan mai gari ya ce kogi na tafe, a koma tudu. Sanƙira bai ji sosai ba, kunya ta hana shi tambaya, ya shelanta cewa gobe akwai wasa a bakin ruwa. Mutane suka yi ado suka tafi.

"Sai me ya faru?" in ji ƙanwata.

"Tambayi maigidana."

Na sunkuyar da kai. "Kaka, wallahi ban gane jawabin ba."

Sau biyar na sake sauraren jawabin a waya, ina neman ma'anar kalmomi. Washegari na faɗa mata gaskiya: masu 'ya'ya a nan kaɗai za a bari su zauna, Kawu ko aure bai yi ba. Ta ce, "To, yanzu na san abin da zan roƙa."

Da ina zaton ƙarya Kaka ke hana ni. Sai da na fara raka mutanenmu asibiti ina yi musu tafinta na ga inda ta dosa. Likita na zuba, tsoho na kallon bakina, ni kuwa in ce wa likita, "Dakata, maimaita." Har yau da ƙyar maganar ke fita daga bakina, amma ina faɗa.