Murjanin da Bai Iya Wanki Ba

Innata mai wanki ce, kuma duk layinmu an san bakinta. Da ta shanya fararen kaya, bututun masana'antar bayan gidanmu ya feso musu baƙar toka, sai ta riƙe ƙugu ta zage shi tas. Maƙwabta su ce mita ce kawai irin tata.

Da na samu aikin binciken murjani, ta bi gida-gida tana cewa 'yarta ta shiga harkar kayan ado. Ranar da ta zo ɗakin bincikenmu ta ci kwalliya, har da jan murjaninta a wuya. Na miƙa mata wani farin dutse mai huji-huji.

Ta ce, "Wannan na goge kaushi ne?"

"Inna, shi ne murjanin. Ƙashin wata halittar teku ne. Kowace shekara yana ƙara sabon layi, abin da ya faɗo ruwa kuma ya maƙale ciki."

Na sa yanki ɗaya a na'urar ƙara girma, ta kanne ido ta leƙa. Tsofaffin layukan farare tas, sababbin duk baƙin ɗigo.

Na ce, "Tokar masana'antu ce, iska ta kai ta teku."

"Ni da ita ai mun daɗe." Ta gyara ɗankwali. "Ni tawa na wanke, shaida ta bi ruwa. Wannan bawan Allah bai iya wanki ba. Ba ni shi nan, in kai wa masu cewa mita nake yi."