Ragon Ilu da Ya Ga Sallah Biyar

Duk wanda ya san Ilu na Durba ya san ba a samun kansa da safe sai ya gama gaida tumakinsa. Kana ƙofar gida kana rafka sallama, zai amsa daga ciki ya ce, "Jira!" Daga nan sai ka ji muryarsa ta bayan danga: "Goshi, an tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya zafin nan? To madalla. Ke kuma Mai Wuya, na ga abin da kika yi wa 'yar'uwarki jiya, ba na son haka." Ɗaya bayan ɗaya, su goma sha bakwai, kuma yana ɗan dakatawa tsakanin tambaya da tambaya, wai jiran amsa yake. In ya gama ya leƙo ya gan ka, sai ya ce, "Af, ashe kai ne har yanzu."

Ni na fi kowa shan wannan tsayuwa, don taubashina ne, uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito. Saboda haka ku bar ni in faɗi abin da na ga dama, ina da iko. Sunana Garba, amma ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. Kura yake ce mini, wai tun da na buɗe ido ban taɓa kallon dabba ba sai da tunanin romo. Ni kuwa ban ce ƙarya ya yi ba.

Bazara ita ce lokacin da abin nasa yake tashi sosai. Ciyawa ta ƙare ƙaf, harawar da ya jibge a kan rumfa ta ja baya, rana kamar ta sauko ƙasa. Sai ka ga Ilu ya tsuguna gaban kwatarniya yana dama dusa da kanwa, ya tsoma yatsa ya kai baki, ya lumshe ido. "Kanwa ta yi yawa," ya ƙara ruwa, ya sake ɗanɗanawa. Matarsa Kande takan ce, "Shekara ashirin ina yi wa mutumin nan miya, bai taɓa ce mini gishiri ya ji ko bai ji ba. Amma dubi yadda yake wa dusa!" Da hantsi kuma ya ɗauki doguwar gora ya nufi gawon da ke gonarsa, ya kaɗo 'ya'yan, yana tsinta yana kokawa da awakin gari. Ba ya ƙaunar akuya ko kaɗan. "Ɓarauniya ce," in ji shi, "gemun nan na yaudara ne."

Kada ku ce ba ya sayarwa. Yana sayarwa, amma da dabara. Duk ɗan ragon da aka haifa, ba ya sa masa suna, ba ya kallonsa sosai, da ya ɗan tasa sai ya kira dillali. Dillali yana kwance igiya, Ilu ya juya wa garke baya yana kallon bango. "Wanda ban sa wa suna ba, ban san shi ba," haka yake cewa. Yanka kuwa, ko kaza bai taɓa ba. Abin da ke damun Kande ke nan. Gida da tumaki goma sha bakwai, amma ranar Babbar Sallah maƙwabta ne suke aiko musu da nama a kwano kamar marasa shi. Ta ce in ta fita gidan suna ji take kamar kowa ita yake kallo.

Ana nan, wata bazara, ana saura kaɗan Turawa su tafi, wata tunkiyarsa ta haihu ta mutu, ta bar ɗa namiji fari fat. Ilu ya ɗauke shi ya sa a babban aljihun gaban rigarsa, kai kawai ke leƙowa. Da shi yake zuwa gona, da shi yake zuwa majalisa. Kullum ya je ruga ya karɓo madara wajen wata Bafulatana, yana tsoma tsumma yana ba shi yana tsotsa. Rannan matar ta gaji ta ce, "Malam Ilu, wai haihuwa aka yi a gidanka ne?"

Ya ce, "Ƙwarai kuwa, namiji."

Ta yi masa barka har da addu'ar Allah ya raya. Ya ce amin da ƙarfi.

Wannan kam dole ya samu suna. Da ya girma bai san aikin komai ba sai zagaya gida yana sunsuna tukwane ɗaya bayan ɗaya kamar mai rangadi, kowa yana kauce masa. Sai Ilu ya ce masa Di'o, wato Baturen mulkin nan mai zagaya ƙauyuka. Kande ta ga rago ya zauna ba a kira dillali ba, ta samu ƙofa. Ta matsa, ni ma na zuga, har Ilu ya bugi ƙirji a gaban jama'a ya ce, "To, na ji! Wannan na layya ne." Tun daga ranar nake cewa a ajiye mini hanta.

A shekarun nan Sallar a bazara take faɗowa, ko a bakin damina. Ta farko ba wanda ya yi magana, rago bai fi wata biyu ba. Ta biyu muka ce to, bismilla. Ilu ya ce bai shekara ba. Muka ja shi gaban liman, liman ya ƙirga da yatsa ya ce, "Ilu, wata goma sha huɗu nake gani."

Ya ce, "Allah gafarta Malam, wata uku ya yi yana zawo. Ai ba a ƙirga wa mara lafiya."

Liman ya sa hannun riga ya toshe dariya. Kafin ya samu abin faɗa Ilu ya kai ƙofa. Bayan 'yan watanni aka samu mulkin kai, mutanen gari suka ce Di'on Turawa ya naɗe kayansa, na Ilu yana nan daram.

Sallah ta uku, ana saura kwana huɗu, na shiga gidan da safe na tarar da ƙafar Di'o ta hagu naɗe da tsumma. Ilu ya yi tagumi. "Ka gani ko, Kura? Ƙaddara. Kuma ka san layya ba ta yiwuwa da gurgu." Na yi masa jaje na tafi. Da la'asar na dawo ɗaukar fartanya, sai ga tsumma a ƙafar dama, mai ciwon kuwa yana bin wata tunkiya a guje har yana tsallake turmi.

Na ce, "Ilu, da safe fa hagu ce."

Ko ido bai ƙifta ba. Ya ce, "Irin ciwon ke nan, yawo yake yi. Shi ya sa nake tsoronsa."

Wallahi sai da na zauna a ƙasa don dariya. Kande kuwa kwana biyu ba ta yi masa magana ba, shi kuma bai lura ba.

Ta huɗu ce muka je kasuwar Rano. Kande ta ce tun da ba zai iya yankawa ba, ya sayar, ta san yadda za ta yi. Ya yarda, na raka shi. Lokacin Di'o ya zama wani ƙato, ƙaho ya murɗe sau biyu, gashin wuya har ƙirji. Muna shiga kara, inda ake cinikin dabbobi, mutane suka yanyame mu. Wani attajiri da ya zo daga birni ya dafa bayansa ya ce, "Nawa?"

Ilu ya ture hannun ya ce, "Sannu dai. Daga wace unguwa?"

Mutumin ya faɗa.

"Akwai inuwa a gidanka?"

"Akwai."

"Me za ka riƙa ba shi? Don ba ya cin dusar da ta kwana."

Attajiri ya dube ni, ya dube shi, ya ce, "Malam, wace irin dusa? Jibi fa zan yanka."

Kai! Sai ka ce an zagi uwar Ilu. Ya toshe kunnuwan rago da hannu biyu ya ce, "A gabansa? Ko kunya ba ka ji? Kura, mu tafi, garin nan ba imani!" Muka taka tun daga Rano har gida cikin rana tsaka, ni da yunwa, shi da rago da sabuwar igiyar da ya saya masa don ya huce.

Ta biyar muka haɗa baki da Kande. Ta ce, "Garba, ka rufa mini asiri, ka samo wanda bai sani ba." Na je kasuwar Kibiya na sayo wani baƙon rago mai baƙin kai, na ɗaure a gidana, muka ce sai ranar Sallah bayan an sauko idi za a kai masa, ya sa albarka kawai a yanka. Ban san wanda ya tsegunta masa ba. Ana saura kwana uku sai ga Ilu a gidana da sassafe, mutumin da bai taɓa zuwa gaishe ni ba tun da aka haife mu.

"Na zo duba lafiyarka ne," in ji shi, idonsa yana kan turke. "Wannan wane azzalumi ne ya ɗaure shi a rana?"

Washegari ya dawo da 'ya'yan gawo cikin hula. Ranar jajibere ina alwala na ji murya ta bayan ɗaki: "Alƙali, an tashi lafiya? Ina baƙunta?" Na ce inna lillahi, shi ke nan, an sa suna. Kafin azahar Alƙali ya tare a gidan Ilu. Kande ta tsaya tana kallonsu su biyu suna shigowa, ta ce, "Na nemi nama, na samu ƙarin baki."

To, bazarar da ta biyo baya ce gobara ta same ni. Da rana tsaka, iska ta ɗauko wuta daga wani murhu ta jefa kan shinge, kafin a ɗebo ruwa ɗakunana biyu da rumbu sun tafi. Har da ragon sunan da nake turkawa, don matata Asabe tana da tsohon ciki, bayan shekara tara muna jira. Kwana biyu da gobarar ta haihu a ɗakin aro, namiji. Ban taɓa jin murna da baƙin ciki sun haɗu mini wuri ɗaya kamar wannan mako ba. Daga ni sai rigar da ke wuyana. 'Yan'uwa sun haɗa goro, sun haɗa gero, amma bazara ce, kowa da kansa yake, ga Sallah ta matso. Na yanke shawara zan gaya wa liman a raɗa suna haka nan, yanka sai Allah ya hore. Kunya ta hana ni barci, don ban san da wane ido zan dubi Asabe da danginta ba.

Ranar suna mutane sun taru, an shimfiɗa tabarmi a kan toka, ina shirin matsawa kusa da liman, sai aka fara darewa. Ilu ne, janye da Di'o. An yi masa wanka da sabulu, yana ta ƙyalli. Ya miƙo mini igiya ya ce, "Kura, ungo."

Na ce, "Na mene ne?"

"Ya tsufa, ba ya jin magana. Jiya ma ya tunkuri Kande. Na gaji da shi."

Kowa a wurin ya san ƙarya yake yi. Na ce, "Haba Ilu, in dai dole ne, ai ga Alƙali."

Ya ce, "Alƙali baƙo ne. Ɗan da aka jira shekara tara ba a yi masa suna da baƙo."

Ya kira mahauci ya ce ya nuna masa wuƙa. Ya gwada ta a babban yatsa, ya ce a koma a ƙara wasawa. Aka wasa, ya sake gwadawa. Sannan ya tsuguna ya yi wa ragon magana a kunne, ba wanda ya ji abin da ya ce. Ya tashi ya kaɗe riga ya ce yana da aiki a gona, bai waiwaya ba. Ni kuma na raɗa wa liman sunan yaro, Iliyasu, cikakken sunan Ilu ke nan.

Da la'asar na bi shi. Na same shi a gindin gawo, ya tara 'ya'yan tuli guda, fiye da abin da tumakinsa za su ci a kwana uku, kuma bai daina tsinta ba. Bai ɗago ba ya ce, "An gama?"

Na ce, "An gama. Sunan yaro Iliyasu."

Ya daina tsinta. Ya goge ido da gefen riga, ya ce wani abu ne ya faɗa ciki. Can ya ce, "Asara biyu rana ɗaya. An yanka mini rago, an kuma ba ɗan kura sunana." Sai ya dube ni. "Ka ci hantar?"

Na ce, "An kawo mini, na kasa."

"Wawa! Shekara biyar kana lasar baki. To kai wa Kande, ita ta fi kowa jira."

Na kai mata. Ita ma ta sa kwanon a gaba tana kuka, tana cewa ita fa ba haka take nufi ba.

Iliyasu yanzu magidanci ne, kun san shi, shi ya riƙe kan makara ranar da muka kai Ilu makwancinsa. Ni na tsaya a baya ina kallo. Allah ya jiƙan Ilu, ya yafe masa, ya sanyaya masa kabari. Ya rufa mini asiri ranar da ba ni da komai. Ya Allah, ka rufa masa nasa ranar da ba wanda yake da komai. Amin.