Abin da Ba Mu Gaya wa Yaya Ba

Aurena ya watse tun kafin a ɗaura shi, ana saura kwana tara a kama azumi, a bakin ƙofar lakwal ɗin da nake koyarwa a Tawa. Mutumin ɗan Maraɗi ne mai rumfar atamfa a kasuwa. Shekara biyu muna tare, har manya sun shiga maganar, an sa rana bayan kaka. Shi yana so in ajiye aiki in bi shi Maraɗi, inda mahaifinsa ya tsufa yana neman mai riƙe masa shago. Ni kuwa bakina ba shi da linzami. Na taɓa ce masa ban sha wahalar karatu don in zauna ina auna masa yadi ba. Ya yi dariya a lokacin, ashe maganar ta zauna masa a rai.

Ranar ya jira aka tashi yara da tsakar rana, ya kashe babur, ya ce, "Na gwada, ke ma kin gwada. Mu rabu lahiya tun ba mu ɓata ma juna ba."

Zan faɗi gaskiyarsa. Bai aiko kowa ba, bai ɓuya a bayan salula ba, da ƙafarsa ya zo ya dube ni ya faɗa. Na ce Allah ya ba shi wadda ta fi ni, da irin muryar da ake sallamar mai talla, na koma aji na rufe ƙofa. Na zauna a kan bencin yara. Ina son mutumin nan, kuma girman kai ya hana ni ce masa ya tsaya mu sake magana.

Ran Asabar na shiga mota zuwa ƙauyenmu da ke kusa da Takanamat don in gaya wa Inna. Na same ta tana tankaɗe. Ta saurare ni har na gama ba ta ajiye rariya ba, sannan ta karkaɗe hannu ta ce, "Allah shi sa haka ta hi alheri. Amma ki ji ni da kyau, kak ki gaya ma wanki."

Yaya shi kaɗai ne namiji a ɗakinmu, kuma tun rasuwar Baba shi ne uba. Kamar yawancin mazan Adar, in an gama girbi sai ya tafi cin rani, ya dawo da ruwan farko ya yi shuka. Shekarar nan yana Tamanrasat a Aljeriya yana leburancin gini. Da aka sa mini rana sai ya ce ba zai dawo noman bana ba. Ya bar wa Kawu gonar, ya ce zai zarce da aiki har kaka, don ba za a kai ƙanwarsa ɗakin miji da tabarma ba yana raye. Gado, katifa, barguna, kwanuka, duk ya ɗora wa kansa.

A wajenmu ba a aika wa wanda ke nesa mugun labari. Ko mutuwa aka yi, sai a ce masa jikin wane ya ɗan matsa, ya yi ƙoƙari ya zo. Sai ya sauka daga mota, ya sha ruwa, ya zauna, sannan wani dattijo ya matso kusa da shi. Na tashi ina ganin haka, ban taɓa tambayar dalili ba. Da Inna ta ce in yi shiru, ko gardama ban yi ba, ni da ke gardama da kowa. Na ma ji sanyi a raina.

Watannin da suka biyo baya ba su yi mini kyau ba. Na daina bi ta layin masu atamfa, ko da kuwa zagayen zai sa in makara. Na goge lambar mutumin sau uku, alhali na haddace ta kamar karatun sallah. Da azumi in an sha ruwa, in na kurɓi kunu sau biyu shi ke nan. Gwaggona, wadda nake zaune a gidanta, ta gaji da lallashi ta koma zagi, ta ce in na rame na zama kara ba ita za ta ɗauke ni ba. Yaran ajina su suka fi shan wahalata. Wata yarinya ta rubuta harafi a karkace na yi mata tsawar da har yau in na tuna ina jin kunya. Na riƙa gyara littattafan da na riga na gyara, don kawai hannuna ya samu abin yi.

Sai kuma ranar Juma'a. Duk Juma'a ba su aiki, Yaya yakan aiko mini da saƙon murya bayan an sauko masallaci, wani lokaci da hoto.

"Amarya, kin wuni lahiya? Yau na ga wani bargo, in kin shiga cikinai sai an tashe ki da ganga. Na saye. Ki gaya ma ɗan Maraɗin naki shi shirya, ƙanwata ba ta cin tuwon jiya."

Ni kuma in gyara murya in amsa masa da dariya, in ce bargon ya yi, amma launinsa irin na tsofaffi ne. In ce kowa lafiya. In ce mutumin yana gaishe shi. Wannan gaisuwar ƙarya na aika ta fi sau goma.

Na daɗe ina gaya wa kaina umarnin Inna nake bi. Ba haka ba ne, ko kuma ba haka kaɗai ba ne. A Tawa kowa ya san an fasa, mata suna sassauta murya in na shigo gidan suna. A cikin saƙonnin Yaya ne kawai auren nan bai mutu ba. Minti biyu a mako ina amarya, akwai ɗaki da ake shirya mini, akwai mutumin da ke jirana. Ina jin saƙon sau biyar, sau shida. Ban so a karɓe mini wannan ba, ko da kuwa wana ne ke ɗaukar siminti a ka don ya biya mini shi.

Ruwa ya sauka, maza suka dawo gonakinsu, Yaya bai dawo ba. Aka ba mu hutu na koma ƙauye wajen Inna. A lokacin ne labarai suka fara yawa cewa ana kamen baƙi a can Aljeriya, a zuba su a mota a kai bakin iyaka a sauke su cikin rairayi. Wani maƙwabcinmu ya iso haka, tafin ƙafarsa duk ya tsage, daga shi sai rigar jikinsa. Na je gaishe shi na tambaye shi Yaya, ya ce unguwarsu ba ɗaya ba, rabonsa da shi tun kafin azumi.

Juma'ar da ta biyo bayan sallar layya saƙo bai zo ba. A ƙauyenmu sai an hau tudun da ke bayan makabarta ake samun rezo, wato layin salula. Na hau da safe, na hau da la'asar, na kira, layin a rufe. Juma'a ta biyu ma shiru. Inna ta daina cin abinci, amma ba ta yarda ta ce tsoro take ji ba, sai ta ce haƙori ke damunta.

A rana ta goma na kasa riƙe bakina. Tana zaune tana tsinkar zogale na tsaya a kanta na ce, "Inna, mu munka aje shi can. Don armen da babu shi. In wani abu ya same shi, mi za mu ce ma Allah?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ke kin taɓa ganin inda suka aiki? Bisa katako suka tsayuwa, sama da itacen gawo. Mutum na can bisa, ki aika mai da abin da za ya ɗauke mai hankali? Wanki zuciya gare shi kamar ubanai. Ni so nike shi sauko da ƙahwahunai biyu, shi ji komi nan gabana."

Sai na ga ashe ba al'ada kawai take karewa ba. Tsoronta ɗaya da nawa, hanya ce ta bambanta. Ita tana ganin labarin ne zai kashe shi, ni ina ganin shirun ne. Na zauna kusa da ita na kama tsinkar zogalen. A raina dai na yi alkawari, in Allah ya sa na sake jin muryarsa zan gaya masa, ko Inna za ta yi fushi da ni shekara.

Rana ta goma sha uku saƙo ya shigo. Muryarsa ta ɗan dushe, amma da raha. Ya ce salularsa ce ta lalace, a yi haƙuri, yana nan lafiya lau, gado ma ya kusa samuwa. Na zauna a kan dutse a tudun nan na yi kuka har na gode wa Allah. Sannan na danna na fara magana. Na goge, na sake, na goge. Na huɗun ne na rufe ido na aika.

"Yaya, an hwasa armen. Ba hwaɗa munka yi ba, rabo ne babu. Don Allah ka baro aikin ga ka komo gida. Ba ni son gado, kai nike so."

Ban faɗi yaushe aka fasa ba, shi ma bai tambaya ba. Amsarsa gajeriya ce. Ya ce in bar kuka, wanda ya rasa ni shi ya yi asara, yana nan tafe. Da na sauko na gaya wa Inna abin da na yi, ta dube ni ta daɗe, ta ce, "To, kin yi." Kwana biyu ba ta sa ni aiki ba, wanda a wajenta shi ne fushi.

Bayan mako uku ya iso, da hantsi, hatsi ya fara fitar da kai. Ya rame ya yi baƙi, da ƙullin barguna a kafaɗa. Inna ta kama fuskarsa tana dubawa kamar za ta saya. Maƙwabta suka cika gida, aka yi ta barka da zuwa, sai wajen azahar aka bar mu mu uku a inuwar rumfa. Inna ta dama fura ta ajiye masa ƙwarya a gaba. Ya ɗauki ludayi da hannun hagu.

"Can kunka koyo sha da hagu?" in ji Inna.

Ya yi ɗan murmushi. Sannan ya zaro hannun dama daga aljihun riga, inda yake tun isowarsa ba wanda ya lura, ya ɗora a gwiwa. Yatsu uku ne. Manuni da na tsakiya babu su, wurin ya warke ya yi ja.

"Injin yankan ƙarhe ne," ya ce. "Ba komi, Inna, ya warke. Aikin gadi sunka maishe ni daga baya."

Inna ta riƙe hannun da hannayenta biyu. Ni na tambaye shi yaushe abin ya faru. Ya ce kwana uku bayan layya, salularsa kuma lafiyarta lau, yana kwance a gidan likita ne bai so mu ji. Ban buƙaci alli ba kafin in yi wannan lissafin. Bayan layya, da ya san gaskiya, da yana gonar Baba da hauya a hannu.

Ya kurɓi fura, ya goge baki, ya juyo gare ni. "Ke kuma, amarya," ya ce, sai ya kama kansa. "Ke kuma, ƙanwata, yaushe abin naku ya watse?"

"Kwanan ga ne," Inna ta yi sauri ta ce, ba ta dubi kowa ba.

Da na yi shiru da maganar ta wuce a haka har abada. Na dubi Inna, idonta na roƙona. Na dubi hannun da ke cikin hannunta.

"Tun gabanin azumi, Yaya," na ce. "Inna ta ce kar a tada maka hankali, amma ni da kaina ban so ka sani ba. Daɗin kiran amarya da kake min nike ji."

Na ga yana ƙirga watannin a ransa, na ga inda ya tsaya. Ya dubi hannunsa, ya dube ni. Na jira ya zage ni, wallahi na so ya zage ni, ko ya tashi ya bar mini wurin.

"To," ya ce.

Ya sake ɗaukar ludayin da hagu. Furar ta zube masa a riga kafin ta kai baki, don bai gama iyawa ba tukuna, kuma daga ni har Inna ba wadda ta iya miƙa hannu ta taimake shi.