Ɗan Gida Ba Shi Da Albashi

A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni saurayi ne mai ƙarfi a jika, mai saurin yarda da mutane, mai son yabo fiye da kima. Wannan na ƙarshen shi ya kai ni ya baro. A Kpakungu na tashi, a ɗakuna biyu da muka gada daga kakana wanda aikin jirgin ƙasa ya kawo Minna. Mahaifina ya rasu ina sakandare, yayyena mata suna gidajen mazajensu, ya rage daga ni sai Inna, mahaifiyata. Ɗinkin hula take yi, da shi ta ciyar da ni, da shi ta biya mini kuɗin jarrabawa. Tun ina yaro na saba ganinta a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, allura a hannu, tana ƙirga zare da ido. Burina a duniya bai wuce in karɓi allurar nan daga hannunta in ce ta huta ba.

Da na gama makaranta aiki ya ƙi samuwa, sai wani maƙwabcinmu ya kai ni wani gidan burodi a Maitumbi. Mai gidan dattijo ne mai fara'a, sallar jam'i ba ta wuce shi, bakinsa kuwa kamar an shafa masa zuma. Mu biyu muka tsaya a bayan tanda muka yi magana, ya faɗi abin da zai riƙa ba ni duk ƙarshen wata, na ce na gode. Babu wanda ya ji, ni ma ban ga dalilin da zai sa wani ya ji ba. Aikin tanda aka ba ni, ni ke hura itace, ni ke zura gwangwanayen burodi da doguwar sanda in zaro su. Wanda bai taɓa tsayawa gaban tandar burodi a zafin Minna ba bai san me ake kira zufa ba. Wutar lantarki kuwa sai ta ga dama, ga madatsar Zungeru nan a bakin hancinmu, ranar da babu ita kuma babu man janareto da hannu muke murza kwaɓi. Duk da haka ina murna, domin watannin farko mai gidan ya biya ni cif, na sayo wa Inna atamfa, ta rungume ta tana hawaye.

Wata rana ya kira ni gefe, ya dafa kafaɗata, ya ce ya lura da ni, ni ba irin sauran ba ne. Ya ce su ma'aikata ne, yau suna nan gobe sun tafi, amma ni ɗan gida ne, daga yau in riƙa ce masa Baba. Ya miƙa mini makullin sito inda ake ajiye fulawa da sukari. Maraya ne ni, kun san yadda kalmar Baba ke yi wa maraya. Kaina ya kumbura, har tafiyata ta canja. A nan ya ba ni shawarar da na ɗauka ta uba ce. Ya ce kuɗi a hannun saurayi ba ya albarka, in bar albashina a wurinsa ajiya, ya riƙa ba ni na keke napep da burodin kai wa gida, ranar da babbar buƙata ta taso, aure ko jari, in zo in kwashi abina gaba ɗaya. Ajiya a hannun babba ba baƙon abu ba ne a wurinmu, iyayenmu sun yi. Da na gaya wa Inna sai ta ɗaga hannu tana yi masa addu'a, ta ce Allah ya mayar mini da uban da na rasa.

A cikinmu akwai wata mata 'yar Gbagyi, Kirista, wadda ke sa burodi a leda, kowa Mama yake ce mata. Ita duk ranar Asabar sai ta kafe a bakin ofis har sai an sallame ta. Ko Baba ya ce ciniki bai yi ba, za ta ce ita ma miya ba ta yi ba a gidanta, ta gyara zama. Ni a lokacin rashin kunya na ɗauki abin. Ta sha jana gefe da Hausarta wadda ba ruwanta da bambance kai da ke, ta ce ita ba ta san ajiya ba, Asabar ta sani, in karɓi kuɗina in sa a banki ko in sayi akuya. Na yi mata dariya. Na ce mata a gaban kowa, da ƙarfi don a ji, ni ba ɗan ƙwadago ba ne da zan tsaya ana ƙirga mini kuɗi a tafin hannu, ni ɗan gida ne. Ba sau ɗaya na faɗi haka ba, ba sau biyu ba. Ta dube ni ta girgiza kai, ta ce to oga ƙarami, Allah ya kai mu.

Ba zan ce ban ga alamu ba. Da fulawa ta yi tsada, a gabana Baba ya sa aka rage nauyin kwaɓi a sikeli, aka ƙara yis don burodin ya kumbura ya cika ido, na kira abin dabara. A gabana yake ɗaukar sababbin ma'aikata ya ce watan farko na gwaji ne, wata na cika ya nemo musu laifi ya kora, ko sisi babu. Abin da ya fi ci mini rai yau shi ne ni ake turawa in ba su haƙuri, in raka su bakin ƙofa. Na yi, kuma na yi barci lafiya, domin a ganina su ma'aikata ne. Ya sayi sabuwar motar rarraba burodi, ya buɗe reshe na biyu, ina ta yi masa murna kamar nawa. Shekaru suka shuɗe a haka, hannuwana suka cika da tabon ƙuna, ni kuma ina lissafi a zuci ina jin kaina mai kuɗi.

Sai Inna ta fara kuka da ido. Da farko ta ce hayaƙin girki ne, sai ta fara ba ni allura in zura mata zare, sai na lura tana tuntuɓe da buta a tsakar gida. A lokacin wata hula take ɗinkawa a hankali, mai zare ruwan toka da shuɗi, ta ce ba ta sayarwa ba ce, ta Baba ce, tukuicin riƙe mata ɗa. Da muka je asibiti likita ya ce hawan jinin ido ne, ɗaya ya riga ya yi nisa, ɗayan ana iya ceto shi in an yi aiki da wuri, ya rubuta mana takardar zuwa Kaduna. Ya ja mini kunne sosai, ya ce wannan ciwo abin da ya ci ba ya dawowa. Labari ya kai wa kawuna, ƙanin Inna da ke Zungeru, ya zo takanas ya ce akwai ɗan filin da ta gada a can, ga mai saye a hannu, a sayar a yi aikin. Ni na hana. Na bugi ƙirji na ce ina raye ba za a sayar da gadon uwata ba, kuɗina na nan a ajiye, sun isa har da ragi. Kawu ya tambaye ni ko na tabbata, na ji haushin tambayar. Ya koma da zuciya ɗaya.

Washegari na sami Baba na gaya masa. Ya yi salati, ya jajanta, ya ce in ba shi mako ɗaya, kuɗin sun shiga fulawa. Mako ya cika ya ce mota ta lalace. Daga nan sai masu shaguna ba su kawo ciniki ba, sai ya yi tafiya, sai in bari bayan salla. Ni kuma duk abin da ya gaya mini da rana shi nake kwasowa in juye wa Inna da yamma, har da ƙarin gishiri don hankalinta ya kwanta. Maganin ɗigawa kawai nake iya saya, shi ma wani lokacin da bashi. Kunya ta hana ni kiran kawu in ce masa na yi kuskure. Kullum ina ce wa kaina gobe za a ba ni, me zai sa in zubar da girmana a banza. Inna ba ta taɓa matsa mini ba, sai dai ta ce kada in takura wa bawan Allah, mai sana'a yana da uzuri.

Ranar da ta zuba ruwan zafi a gefen kofi ta ƙona ƙafa, ranar haƙurina ya ƙare. Na kai ƙara wurin mai unguwar su Baba ba tare da ta sani ba. Aka zauna bayan la'asar, dattawa sun cika zaure. Na faɗi nawa. Da aka ba Baba dama, ko gezau bai yi ba. Ya ce a tambaye ni me nake kiransa, na ce Baba. Ya ce a tambaye ni wa ke riƙe da makullin sito, na ce ni. Ya ce to a ina aka taɓa jin uba na biyan ɗansa albashi, shi ya ciyar da ni, ya yi mini ɗinkin salla, ya koya mini sana'a kyauta. Sannan ya sa aka kira ma'aikata, aka tambaye su ko sun taɓa jin na ce ni ba ɗan ƙwadago ba ne. Ɗaya bayan ɗaya suka sunkuyar da kai suka ce sun ji. Ba ƙarya suka yi ba. Da bakina na faɗa, kuma don a ji na faɗa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mama kaɗai ta miƙe ba a kira ta ba. Ta ce ita da kunnenta ta sha jin oga yana cewa kuɗin yaron nan na ajiye, a ji tsoron Allah. Baba ya yi murmushi ya ce ai ajiyar da yake nufi ita ce ya ajiye ni a ransa, in na tashi aure ya taimaka, alheri ne ba bashi ba. Mai unguwa ya tambaye ni shaida ko takarda, ba ni da ko ɗaya. Aka yi ta ba ni baki, aka ce tsakanin ɗa da uba sai sulhu. Baba ya zaro 'yan kuɗi daga aljihu ya ce ga sadaka a saya wa mara lafiya magani. Sadaka, daga cikin gumina. Wallahi na so in watsa masa a fuska, amma maganin Inna ya ƙare tun shekaranjiya, na sa hannu biyu na karɓa. Na ajiye masa makullinsa a kan tabarma. Mama ma ba ta ƙara kwana a aikin ba, ta ce ita ba ta bin kowa ko kwabo, tafiyarta ba nauyi. Har bakin titi ta raka ni, ba ta ce mini ai na gaya maka ba, kuma wannan shirun nata ya fi mini zagi ciwo.

A ranar na kira kawu ina kuka. Bai yi mini faɗa ba, cikin 'yan kwanaki ya sayar da filin, muka kama hanyar Kaduna. Likitan can ya daɗe yana haska idon Inna, sannan ya fitar da ni waje ya tambaye ni me ya tsayar da mu. Ya ce jijiyar ta riga ta mutu, da mun zo watannin baya da wata magana ake yi. Filin ya tafi, idon ya tafi. A mota muna dawowa Inna ta kama hannuna tana shafa tabon ƙunar nan ɗaya bayan ɗaya, ta ce ashe haka wuta ta cinye ni ba ta lura ba sai yanzu da take gani da yatsa.

Abin da na koya na biya shi da tsada, shi ya sa na rubuto. Duk wanda zai kama aiki a ƙaramin kamfani, gidan burodi ne, gidan ruwan leda ne, shago ne, ya yi maganar haƙƙinsa a gaban shaidu, ya karɓi abinsa a kan lokaci, kada ya ji nauyi. Neman guminka ba rashin tarbiyya ba ne. In mai gida ya fara ce maka ɗan gida, ka gode masa, sannan ka miƙa hannu. In ka ga yana cutar mai saye ko yana korar na ƙasa da kai ba biya, kada ka ce kai daban ne, layinka ne bai zo ba. In kuma ka gane an yaudare ka, ka faɗa wa naka da wuri, domin ni ba Baba kaɗai ya ci idon Inna ba, girman kaina ya taya shi. Ku kuma masu riƙe haƙƙin mutane, ba ku san me ke jiran kuɗin nan a gida ba.

Sai bayan mun dawo na iya gaya wa Inna gaskiya duka, ranar da ta ce in ɗauko mata hular nan, ko wata za ta ƙarasa a kai wa Baba. Na durƙusa na faɗa mata komai, har da ƙaryar da na riƙa yi mata. Hular na kan cinyarta, tana bin zaren da yatsa har ta kai inda ɗinkin ya tsaya. Ta ce ta yafe mini, sauran kuma ta bar wa Allah. Yanzu ina aiki a wani gidan burodin, duk Asabar ni ne na farko a bakin ofis. Hular tana cikin akwatina, rabi ɗinki rabi farin yadi, allurar na soke a inda ta bar ta. Har yau da safe Inna takan ce in kai ta bakin ƙofa, wurin da ta saba zama, in ta zauna sai ta tambaye ni ko gari ya yi haske.